Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gudanarwa Da Editocin Wikipedia Ta Hausa Kan Yadda Ake Tantance Majiya

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina yi muku sannu da ƙoƙari. Na san ba albashi ake biyan ku ba. Da kuɗin aljihunku kuke sayen data, da wayar da kuke lallaɓa cajinta kuke rubutu, wani ma sai bayan sallar isha'i, in gida ya yi tsit, sannan ya sami damar gyara muƙala ɗaya ko biyu. Allah ya saka muku da alheri, ya sa a mizani.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare. Na rubuto da yawun wasu malamai abokan aikina, waɗanda uku daga cikinmu mukan taɓa rubutu a wannan kundi in mun sami sarari, da kuma yawun ɗalibanmu, domin su ne suke shan abin da aka dama. Ɗakin karatun makarantarmu ya daɗe bai ga sabon littafi ba. In ka ba yaro aikin gida, wayar yayansa zai ara ya rubuta tambaya da Hausa, abin da ya fara fitowa shi zai kwafa, kuma sau da yawa naku ne yake fitowa. Don haka abin da kuka karɓa a matsayin hujja da wanda kuka ƙi ya shafe mu har cikin aji. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma a wannan fuskar nake roƙon ku karanta abin da ke tafe.

Kokenmu a kan yadda ake yanke wa majiya hukunci ne, musamman rubutun da mutum yake wallafa wa kansa a intanet ba tare da wani ya duba masa ba. Abin da muke gani shi ne kowane edita da irin nasa mudun. Yau a karɓi shafin da ba a san mai shi ba don sunansa ya yi kama da na jarida, gobe a cire rubutun dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan bincike ɗaya don ba shi da tambari. In aka tambayi dalili, sai a nuno ƙa'idar sashen Ingilishi, wadda aka rubuta da tunanin ƙasashen da kowane ƙaramin gari yake da jaridarsa da ɗakin ajiyar takardunsa.

Bari in fara da ɓangaren da ya fi yawa, wato shafukan da suka ari rigar jarida. Duk wanda yake da waya da ɗan kuɗin rajistar suna zai iya buɗe shafi a yini ɗaya, ya laƙa masa suna mai ɗauke da Arewa ko Hausa ko Labarai, ya sa tambari mai sheƙi. Ka shiga ciki ka nemi sunan edita, babu. Adireshin ofis, babu. Sunan wanda ya rubuta labarin ma babu, ko kuma ka ga an sa "wakilinmu" a kan labarai hamsin a rana guda. Ba za ka taɓa ganin inda suka ce jiya mun yi kuskure, ga gyara ba. Abin da ke gabansu a danna a shiga, talla ta biya. Kama da wane ba ta wane, amma a ƙasan muƙaloli da yawa irin waɗannan ne suka cika jerin manazarta, kuma ɗalibi in ya ga 'yar lambar nan a ƙarshen jimla sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka an tantance.

Ga abin da ya faru da ni. Na taɓa ƙara sakin layi a muƙalar wani gari da ke kusa da mu, na ambaci lokacin da aka mayar da kasuwarsa inda take yanzu. Daga bakin wani kawuna na ji, kuma ban sa majiya ba, wanda kuskurena ne. Bayan wasu watanni na koma in cire ko in nemo madogara, sai na tarar wani ya riga ya sa majiya. Na yi murna, na buɗe. Jimlata ce na gani, kalma da kalma, har da waƙafin da na sa a inda bai kamata ba. Wani shafi ne ya kwashe muƙalar ya manna a nasa, wani edita kuma da kyakkyawar niyya ya gan ta can ya dawo da ita a matsayin shaida. Maganar da mutum ɗaya ya ji daga mutum ɗaya ta zagaya ta dawo ta zama shaidar kanta. Na cire jimlar, amma a wancan shafin tana nan, kuma ba ni da iko a kanta.

Wannan ba ciwonmu mu kaɗai ba ne. A watan Fabrairun 2009, lokacin da aka naɗa Karl-Theodor zu Guttenberg ministan tattalin arziki a Jamus, wani ya cusa sunan Wilhelm a cikin jerin dogayen sunayensa a Wikipedia ta Jamusanci. Manyan kafofin labarai suka kwafa, har da mujallar Spiegel ta Jamus, sannan aka dawo aka kafa hujja da su a kan cewa sunan nasa ne. Can an gano da wuri saboda idanu suna da yawa. Sashen da idanu suka yi masa kaɗan fa? A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Scots na ƙasar Scotland ba ya rubuta muƙaloli sama da 20,000 a Wikipedia ta wannan harshe, ya shekara da shekaru yana yi ba wanda ya tsayar da shi. Mu ma masu dubawa ba su kai yawan abin da ake zubawa ba. Ƙarya in ta shiga muƙalar Hausa tana iya shekara biyar ba wanda ya ɗaga ta, a wannan tsakanin kuwa ta shiga takardun jarrabawar yara, ta shiga bakin mai gabatar da shiri a rediyo, yanzu har manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke koyon Hausa daga abin da ke intanet suna haɗiye ta su maimaita wa jama'a.

Na biyu, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, maganar mutanen da suke raye. 'Yan fim, mawaƙa, malamai, 'yan siyasa, masu sarauta. Yawancin abin da ake rubutawa a kan shekarun haihuwarsu, da aurensu, da mutuwar aurensu, da yawan dukiyarsu, daga shafukan tsegumi yake fitowa. Sau nawa muka wayi gari an ce wane ya rasu, sai da yamma ya fito a bidiyo yana cewa yana nan da ransa? A Amurka, a 2005, wani ya rubuta a muƙalar tsohon ɗan jarida John Seigenthaler cewa an taɓa zargin sa da hannu a kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙanensa Robert, alhali mutumin ya yi aiki ne a matsayin mataimakin Robert Kennedy. Ƙazafin ya zauna kusan wata huɗu. Bayan wannan ne sashen Ingilishi ya tsaurara ƙa'idarsa a kan tarihin rayayyu, har ta kai ba a yarda a kafa hujja a kan mutum mai rai da rubutun da wani ya wallafa wa kansa, ko da marubucin masani ne. Seigenthaler yana da jaridar da zai rubuta kukansa a ciki, duniya ta ji. Yarinyar da ta fito a fim biyu aka rubuta mata auren da ba ta yi ba ko sakin da ba a yi mata ba, ina za ta kai ƙara? Kun san ƙasarmu. Layi ɗaya irin wannan yana iya wargaza neman aure, ya sa dangin miji su juya baya, ya sa uba ya kasa zama a majalisa. Wanda ya rubuta ya manta, ita kuwa duk wanda ya rubuta sunanta a waya abin da zai fara gani ke nan.

Haka maganar lafiya. Wanda ya yi wayo a watan Agustan 2014 bai manta daren da saƙo ya karaɗe Nijeriya ba, cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha don kariya daga Ebola. Mutane sun kwanta a asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Muƙalar da ta ce ganye kaza yana warkar da ciwon suga ko hawan jini, ta dogara da shafin mai sayar da maganin, ɗan'uwan wancan saƙon ne, sai dai ita ta fi shi kwarjini.

Yanzu ga ɗaya gefen, inda nake ganin an yi wa mutanen kirki kuɗin goro. Akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya koyar da ni a firamare. Ya fi shekara talatin yana tattara tarihin gundumarmu: jerin hakimai da dagatai, yadda unguwanni suka sami sunayensu, zuriyar marina da maƙera da majema, shekarun fari da na annoba. Da kuɗin fanshonsa ya yi ta zuwa ɗakin ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana kwafo rahotannin jami'an mulkin mallaka. In ya kawo magana sai ya faɗi lambar fayil, ko ya ce wane ɗan wane ne ya gaya mini a shekara kaza, yana da kimanin shekaru kaza, shi kuma daga kakarsa ya ji. Inda ruwayoyi suka saɓa sai ya jera su duka. Babu kamfanin ɗab'in da zai buga masa, domin wa zai sayi tarihin gunduma ɗaya? Jikansa ne ya buɗe masa shafi yake sa masa rubutun. Na kafa hujja da shi a wata muƙala, wani ɗan'uwa edita ya cire, ya ce shafin mutum ɗaya ne. Ban ga laifinsa ba, abin da ya tarar ana yi ya bi. Amma a ƙasan muƙalar nan, shafin da ba shi da ko sunan marubuci yana nan daram.

Ƙa'idar Ingilishin da ake jinginuwa da ita ma ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Ta yarda a karɓi abin da masani ya wallafa wa kansa, in har a baya wasu amintattun mawallafa masu zaman kansu sun taɓa buga aikinsa a wannan fanni. Wannan zai shigar da farfesan da ke Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Abdou Moumouni ta Yamai in ya yi rubutu a shafinsa, kuma ya kamata editocinmu su san da haka su daina cire irinsa. Amma ba zai shigar da malamina ba, ba zai shigar da sarkin maƙeran da ya san sunan kowane ƙarfe a maƙerarsa ba, ba zai shigar da tsohuwar da ta haddace waƙoƙin niƙa da na daɓe ba. Jaridunmu kuwa, duk da daɗewarsu, ba su kai ko'ina ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, amma ba aikinsu ba ne su rubuta tarihin kowace unguwa. In muka ce sai abin da babbar jarida ko littafin jami'a ya faɗa, to kundin Hausa zai cika da garuruwan Turai da aka fassaro, ya rasa ƙauyen da mai karatun ya fito. Kuma ba a ce babban suna shi ne gaskiya ba: a 2017 editocin sashen Ingilishi suka yanke shawarar daina dogara da Daily Mail, jaridar Ingila da ta haura shekara ɗari tana fita, saboda yadda take sakaci da tantance labari.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne mu ba baƙin wannan ilimi ba ne. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya ji ana cewa wannan hadisi ingantacce ne, wannan mai rauni ne, wannan ƙirƙirarre ne. Malaman hadisi ba kyan takarda suka duba ba. Sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, an san shi da gaskiya, haddarsa tana da ƙarfi, abin da ya kawo ya saɓa wa na waɗanda suka fi shi? A gabatarwar Sahihu Muslim an kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ba ina haɗa muƙalar kasuwa da hadisi ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nufin tambayoyin da suka kamata a yi wa majiya mun gaje su, kuma in aka auna da su, malamina mai kawo silsilar wanda ya gaya masa zai wuce, shafin "wakilinmu" zai faɗi.

Ku ɗauki misalin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ɗalibaina sukan kawo mini shekarar haihuwarta da ta rasuwarta cif-cif, kamar an ga takardar asibiti, don haka suka gani a shafuka da dama. Alhali tsohon rubutun nan na tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya sa ta ne a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wasu masana kuma suna kai ta ƙarni na 16. Majiyar kirki za ta gaya maka akwai saɓani, ta ce wane ya ce kaza, wane ya ce kaza. Wadda ta ba ka lamba ɗaya ba tare da ta faɗi inda ta samo ba, ko da shafuka ɗari sun maimaita ta, ruwaya ɗaya ce.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da zan ambata a gurguje. Muƙalar da aka fassaro takan zo da manazartanta ba tare da mai fassarar ya buɗe ko ɗaya ba, musamman lokacin gasar rubuta muƙaloli, inda yawa ake ƙirgawa. Sannan shafukan ɗaiɗaikun mutane suna mutuwa in mai su ya kasa biyan kuɗin shekara, sai ka danna majiya ka tarar da kango.

Ga abin da muke roƙo.

Ku zauna, a shafin tattaunawa inda kowa zai gani ya sa baki, ku rubuta ƙa'idar tantance majiya ta sashen Hausa, da Hausar da sabon edita zai gane, da misalai daga gida. Kowane sashe na Wikipedia yana da ikon tsara irin wannan a ƙarƙashin manyan ginshiƙan da aka yi tarayya a kansu, don haka ba sai an jira izinin kowa ba. Ta ƙunshi tambayoyin da za a yi wa kowane shafi: an san sunan marubucin na gaskiya? Me ya haɗa shi da fannin? Yana faɗin inda ya samo magana? Akwai mai duba masa? Yana gyara in ya yi kuskure? Yana da wata riba a cikin abin da yake faɗa? Kuma wa ya riga wani, shi ko muƙalar?

A kan mutum mai rai, muna roƙon a rufe ƙofa ruf. Kada a karɓi shafin tsegumi, ko rubutun Facebook, ko bidiyon wani a kan aure, saki, rashin lafiya, laifi, aƙida ko dukiyar kowa. Abin da mutum ya faɗa a kan kansa a shafinsa da aka tabbatar nasa ne, a iya ɗauka a ƙananan abubuwa, a kuma rubuta cewa shi ya faɗa. Duk abin da ya saɓa wa wannan a cire shi nan take, ba sai an yi muhawara ba. Haka a maganar magani da cuta, kada a karɓi komai sai daga hukumomin lafiya da littattafai da mujallun likitanci.

A kan tarihin garuruwa, sana'o'i, wasanni, abinci da al'adu, muna roƙon a buɗe ƙofa amma a sa mata mai gadi. Rubutun mutumin da aka san sunansa, aka san daɗewarsa a fannin, yake kuma faɗin madogararsa, a karɓe shi da sharaɗin a jingina masa maganar a cikin jimla, a ce a ruwayar wane. Na san inda haɗarin yake, domin na ga yadda rigimar sarauta da ta iyakar gona suke sa kowane gida ya rubuta tarihin da ya yi masa daɗi. Saboda haka duk inda magana ta taɓa gadon sarauta da ake jayayya a kai, ko asalin wata zuriya ta hanyar da za ta zubar mata da mutunci, ko rikicin ƙabila da addini, wannan rangwamen kada ya yi aiki.

Ku buɗe jeri na majiyoyin Hausa da aka tattauna a kansu, kamar yadda sashen Ingilishi yake da nasa mai launin kore ga amintacciya, rawaya ga mai shakku, ja ga wadda aka ƙi, kowace da taƙaitaccen dalili da ranar da aka yanke hukunci, ta yadda sabon edita ba zai yi ta lalube ba, wanda aka yi wa ja kuma zai iya dawowa a sake duba shi in ya gyara. Jerin ya haɗa da na Nijar da Gana, kada ya tsaya a Kano da Kaduna.

Wanda zai cire majiya ya rubuta dalili a shafin tattaunawa, ko da layi biyu ne. Wanda zai sa majiya ya adana kwafinta a rumbun Internet Archive, inda ake ajiye kwafin shafukan intanet. Masu shirya gasa kuma su sa ingancin manazarta a cikin makin, alƙalai su riƙa buɗe majiya suna ganin ko ta faɗi abin da aka ce ta faɗa.

Na ƙarshe ya fi ƙarfin edita ɗaya, amma ƙungiya za ta iya. Ku nemi haɗin gwiwa da wuraren da aikinsu ke nan, irin su Gidan Arewa a Kaduna, da sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu, da cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka ta CELHTO da ke Yamai, domin a riƙa duba rubutun irin su malamina ana buga wanda ya inganta. Ranar da aka yi haka, gardamar ko shafinsa majiya ne ta ƙare, don zai zama an sami wanda ya duba masa. Malamin nawa ya haura shekara tamanin, idonsa ya fara rauni, kuma akwai kwalaye biyu na littattafan rubutunsa da jikan bai kai ga bugawa ba.

Mu uku da muke rubutu a nan mun shirya mu ɗauki aikin duba majiyoyin muƙalolin tarihin yankinmu a hutun ƙarshen zango, mu kawo abin da muka samu shafin tattaunawa. Muna jiran ku buɗe zaman ku sanar da rana.

Allah ya ƙara muku basira da juriya, ya bar zumunci.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin tarihi, a madadin abokan aikinsa da ɗalibansu